Mai Jita na Birazil da Turken Bayan Gidanmu

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Da aka yaye ni sai aka kai ni Bakura wajen Gwaggo, yayarsa, ita ta raine ni. Daga can na wuce Talatar Mafara neman ilimi, na yi shekaru a zauren wani malami har hannuna ya zauna a rubutu. Lokacin da na komo ƙauyenmu a ƙasar Maradun ina da gemu, ina da mata da 'ya'ya biyu, amma Malam, kamar yadda kowa ke kiran mahaifina, yana nan yadda na bar shi. Ba mu cin abinci tare, ba mu zama a tabarma ɗaya. In yana son wani abu a wurina sai ya dubi wanda ke kusa ya ce, "A gaya ma mutumin Bakura kaza." A lokacin mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gidan, sai isar da saƙo ya zama aikinta.

Hanya ɗaya ce tsakanina da shi wadda ba ta bi ta bakin kowa. Akwai alkuki a bangon zaure inda yake ajiye tawada. Ni ke kwafa masa littattafan da suka tsufa, waɗanda gara ta ci gefensu. In na cika warƙa goma ko ashirin sai in sa a alkukin. Ya duba, in akwai gyara ya yi a gefe da jar tawada, ya mayar, in zo in ɗauka. Shekara da shekaru hirarmu ke nan.

Sai aka fara ginin dam na Bakolori. Aka ce za a tare gulbi, ruwa ya taru ya ci ƙauyuka da dama na wajenmu, har da namu, kuma za a yanka mana wani wuri a kan tudu. An faɗe ta da ƙarfi. Mota mai lasifika ta zo ta faɗa, sanƙira ya zaga gari ya faɗa, an ma kawo makaɗa suka yi wa dam kirari a bakin kasuwa. Samarinmu su ma suka yi tasu hayaniyar ta fushi. Malam bai ɗaga kai daga littafi ba. A gefen wani tsohon littafi yana da rubutun kakansa da na mahaifinsa, kowanne ya rubuta inda ruwa ya tsaya a manyan ambaliyoyin zamaninsa. Babu wanda ya wuce tsamiyar bakin fadama. Gidanmu kuwa yana sama da tsamiyar da nisa.

"Ban taɓa ganin ruwa ya hau tudu ba," in ji shi ga masu zama a zaure. "Mai son tashi shi tashi. Ni nan ni ke."

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Gidaje da yawa a unguwarmu sun ce in Malam bai motsa ba su ma ba su motsawa.

A cikin wannan hali na sami aiki da masu awon ƙasa, saboda na san gonaki da iyakokinsu. Na aika Gwaggo ta nemar mini izini, ta dawo da amsa: in aikin ba ya hana salla, a je. Aikina riƙe sandar awo ne, doguwar sanda mai zanen ja da fari. In tsaya inda aka ce, mai awo ya leƙo ni ta na'urarsa mai ƙafa uku, ya ɗaga hannu, in matsa gaba ko baya. In ya sauke hannu sai a kafa turke mai jan kai a gurbin ƙafata. Duk inda ka ga wannan turke, nan bakin ruwa zai tsaya.

Yawancin Turawan aikin daga ƙasa ɗaya suke, amma mai awon da na bi mutumin Birazil ne. Muna ce masa Bature, yana dariya, yana nuna fatar hannunsa yana cewa kakarsa baƙa ce kamar ni. Ya daɗe yana aikin hanyoyi a Arewa, yana da Hausarsa ta neman abinci. Mutum ne marar yawan magana. Yana da rikoda a motarsa, da kaset ɗaya da ba ya gajiya da shi. In rana ta take muka fake gindin wata bishiya, sai ya kunna, ya jingina da tayar mota ya rufe ido.

Mu gidanmu ba a kiɗa. In makaɗa suka biyo ta ƙofarmu, da kansu suke sassauta hannu har su wuce. Don haka ranar farko da na ga ya taɓa rikodar sai na ɗauki buta na koma gefe. Na jira in ji ƙara ban ji ba. Abin da ya iso kunnena muryar mutum ɗaya ce da jita, kamar molo amma ya fi shi taushi. Mutumin ba ya ɗaga murya. Kamar yana zaune kusa da kai ne yana gaya maka abin da ya faru da maƙwabcinsa, ba ya son na waje su ji. Ba 'yan amshi, ba sanƙira, ba wurin da zai ja numfashi ya saki kirari. Wani lokaci har kana jin gogar yatsansa a kan tsirkiya.

Direbanmu mutumin Garbadu ne, mai son kiɗan noma, irin wanda in an buga shi manomi ke manta da ciwon baya. Bai iya haƙuri ba.

"Bature, wanga mawaƙi naku lahiya tai ƙalau kuwa? A dama mishi hura mana. Ko zazzaɓi shi kai anka ce sai ya yi waƙa?"

"Lafiya lau," in ji Bature, bai buɗe ido ba.

"To wa shi ka ma waƙar? Sarki ko attajiri? Ai wanda anka yi ma wagga waƙa ko tsumma ba ya ba shi."

"Ba sarki. Mai dafa abinci."

Direba ya yi dariya har yana buga cinya. Ni kuma na matso da butata.

Bature ya fassara mini da 'yar Hausarsa, yana haɗawa da hannu. Waƙar wata mata ce da ke girki a gidan masu hali. Da yamma ta koma gida, ba ta kawo komai ba sai ƙamshin nama a tafin hannunta. 'Ya'yanta su zo suna shinshinar hannun. Shi ke nan waƙar. Na ce, to me mawaƙin ya ce game da masu gidan? Ya ce bai ce komai ba. Na ce bai zage su ba, bai yi musu habaici ba, bai kai su ga Allah ba? Ya girgiza kai.

Na kwana biyu ina juya wannan. Ƙasarmu ƙasar makaɗa ce, ko ba ka saurara ba ka san yadda abin yake. Mawaƙi in ya yabi mutum ya ɗaga shi sama da giwa, in ya yi zambo ya mai da shi ƙasa da ƙadangare. Mu ma masu rubuta waƙar wa'azi haka muke, wuta da kunamu da macizan kabari muke jerowa don zuciya ta kaɗu. Ban taɓa jin wanda ya ga zalunci ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai ya yi shiru ba. Ga shi kuwa hannun matar nan ya ƙi barin zuciyata, har a cikin salla sai da na yi ta neman tsari daga shagala.

Na tambayi Bature ko tsoro ne ya sa mutumin ke yin ƙasa da murya. Ya ce akwai wannan, don a ƙasarsu a lokacin masu mulki na tace waƙa kafin a bar ta ta fita. Amma ya ce ko ba tsoro haka mutumin yake. Ya ce mai ihu, kana iya toshe kunne ka wuce. Wannan kuwa sai ka matso kafin ka ji shi, in ka matso kuma ka riga ka zauna.

Ban ce kiɗa ya halatta ba, kuma ban zo nan don in yanke hukunci a kansa ba. Na dai daina ɗaukar buta ina komawa gefe. Allah Ya yafe mini in na yi kuskure.

Akwai wata waƙa a bayan kaset ɗin da Bature kan wuce ta da sauri. Wata rana hannunsa na cikin abinci ta shigo. Na tambaye shi ma'anarta, ya faɗa. Mutane ne aka tasa daga unguwarsu don a yi wani babban gini. Mawaƙin yana bin gidan ɗaki ɗaki yana ambaton abin da ke ciki. Ga bencin da tsohuwa ke zama, ga ƙusar da maigida ke rataye hula, ga zanen da aka yi a jikin ƙofa ana auna tsawon yara kowace shekara. Bai ambaci wanda ya tashe su ba.

Na dubi turakun da ke tare a bayan mota, na dube shi.

"Bature, kana jin wannan, kuma kana wannan aiki?"

"Na sani," ya ce. Ya wanke hannu muka koma aiki. Ni ma ban da bakin ganin laifinsa, tunda ni ke riƙe sandar.

Da awo ya iso ƙauyenmu sai na ga abin da ban zata ba. Na tsaya a bakin tsamiya, Bature ya ɗaga hannu in yi gaba. Na tsaya a ƙofar masallaci, ya ce gaba. Na wuce gidanmu, na wuce rumbuna, na fara hawan tudun da ke bayan gari inda mata ke sussukar gero. Sai da na kusa rabin tudun ya sauke hannu. Aka buga turke. Da na waiwaya, rufin zaurenmu yana ƙasa da tafin ƙafata.

Mutanen gari kuwa sun ji daɗin turakun nan. Katako ne mai kyau, an fere shi, an shafa masa fenti. Kafin kwana uku duk an tuge su an ɗaure awaki. Muka sake kafawa, aka sake tugewa. Ba don faɗa suke yi ba, gani suke an zubar da abu mai amfani a daji.

Bature ya gaya mini za a rufe ƙofofin dam kafin damina ta kankama, kuma wanda bai tashi da kansa ba za a zo a tashe shi. Na san abin da wannan ke nufi ga mutum kamar Malam: a ɗauke shi a gaban almajiransa da maƙwabtansa, littattafan kakansa a watse a bayan babbar mota, ko kuwa ruwa ya same shi a zaure.

Na sami Gwaggo tana tsinke zogale.

"Gwaggo, ki gaya mishi. Ni da idona nig gani."

"Sau nawa ni ka gaya mishi? Tun shina rarrahe ni san taurin kai nai. Cewa yay yi mata ba su san awon ƙasa ba. Kai da ka da gemu, tahi ka hwaɗa mishi mana."

"Kin san ba ni iyawa."

"To ku zamna, kai da shi. Kihi ya zo shi raba ku kunya."

Gaskiyarta, amma ban iya ba. Tsayawa gaban Malam in ce masa rubutun kakansa bai isa ba, wannan bakina ba zai ɗauka ba. Ko na ɗauka, tashi zai yi ya shige gida kafin in kai ƙarshen zance.

Washegari da hutun rana Bature ya kunna kaset ɗinsa. Wannan karon ni na roƙe shi ya sa waƙar mutanen da aka tasa. Ban san kalma ɗaya ba, amma yanzu ina iya bin mawaƙin daga ɗaki zuwa ɗaki. Na lura duk inda ya ambaci abu sai ya ɗan dakata, jita ta yi taku biyu ita kaɗai, kamar ana ba ka lokaci ka dubi abin. Da ta ƙare na ce wa Bature ina son ya gaya mini tsayin ruwan da zai tsaya a kan wasu wurare a garinmu. Ya buɗe littafinsa. Yana faɗa da awonsu, ni ina mayarwa kamu da gaba yadda Malam zai gane.

Ranar Alhamis ba aiki, ba karatu. Bayan hantsi na fere alƙalami na zauna. Na buɗe da sunan Allah da salati kamar yadda aka saba. Hannuna ya so ya tafi inda ya saba, ya kawo ɗufana da halakar mutanen da suka ƙi jin gargaɗi. Na rubuta baiti biyu a haka na wanke su. Wa nake yi wa gargaɗi, mutumin da ya fi ni sanin waɗannan ayoyi? Sai na fara daga bakin fadama ina hawowa, ina ambaton abin da ke nan.

Tsamiyar bakin fadama, ba za a gan ta ba,
Dakalin ƙofar zaure, ba za a hau shi ba,
Alkukin da ke riƙe da tawada, hannu ba zai kai ba,
Kushewar da ke gabas, ƙafa ba za ta je ba.

A ƙarƙashin kowane baiti na sa tsayin ruwan da ƙananan baƙaƙe. Baitin ƙarshe ya ba ni wuya. Kushewar nan kabarin mahaifiyata ne, kuma tunda ta rasu ban taɓa jin Malam ya ambace ta ba. Na bar shi dai. Ban sa sunan hukuma ba, ban sa na kamfani ba, ban ce a tashi ba, ban ce a zauna ba. Na haɗa warƙar da sauran kwafin makon na sa a alkuki.

Kwana uku tana wurinsa. Kwafin littafi ya dawo da gyaransa, ita kuwa ba ta dawo ba. Malam yana fita salla, yana ba da karatu, fuskarsa ba ta nuna komai ba. A rana ta huɗu na same ta a alkuki. Bai taɓa ko baiti ɗaya ba. A gefe, da jar tawada, ya rubuta: Wa ya auna?

Haka yake yi wa kowace magana ta ilimi. Ba ya karɓar zance sai ya san daga bakin wa ya fito, shi kuma wa ya gaya masa. Mota mai lasifika ba ta da wanda za a tambaya. Na ɗauki alƙalami na rubuta a ƙasa: Wani Bature ya duba, ni na riƙe sandar. Na mayar.

Na ba Bature labarin abin da na yi. Ya ce in karanta masa. Na rera masa baitocin daga ka, a hankali, ba da muryar da muke ja a wajen wa'azi ba. Direba na gefe yana cin gyaɗa.

"Shi ke nan," in ji shi. "Zazzaɓin ya kama Malam ƙarami."

Bature bai yi dariya ba. Ya tambaye ni me kushewa take nufi, na gaya masa. Ya tashi ya je yana gyara ƙafafun na'urarsa, alhali ba abin da ya same su.

Da safiyar Juma'a Gwaggo ta leƙo sashena tana ɗaura gyale.

"Tashi. Ubanka ya ce a gaya ma mutumin Bakura shi kai shi wurin turken. Ni kuma an ce sai in bi, da wagga ƙahwa tau, don kar ku haɗu ku biyu duniya ta tashi."

Muka fita. Ina gaba, Gwaggo na tsakiya tana nishi tana mita, Malam na baya da sandarsa. Da muka kai tudun babu turke. Na yi ta dube-dube a cikin ƙaiƙayi.

"Mai jan kai ka ka nema?" in ji Gwaggo. "Ai shina gida, akuyata na ɗaure gare shi. Wa ya san na aiki ne?"

Na sami ramin. Na sa ƙafata a kai na tsaya, sannan na matsa gefe. Malam ya zo ya tsaya a wurin. Ya dubi gari. Daga nan ana ganin komai: rufin masallaci, zaurenmu, rumbuna, maƙabarta a gabas, can ƙasa kuma kan tsamiya. Ya miƙa sandarsa a kwance daidai ƙirjinsa, ya runtse ido ɗaya yana bin ta da kallo, kamar yadda magini ke duba katanga. Ya sauke ta daidai gwiwa, ya sake dubawa. Ya daɗe. Leɓensa na motsi, ban ji abin da yake karantawa ba.

Sannan ya juya wajen Gwaggo.

"Yaya, a gaya mishi shi nemo jakkai. Littattahwai za su riga mu hita."

"Ga shi nan gabanka da kunnuwa nai biyu," in ji ta.

Malam ya fara gangarawa, amma bai nufi gida ba, ya bi ta gabas. Gwaggo ta riƙe hannun rigata ta ce mu bar shi.

Abin da ya biyo baya a ƙasarmu a shekarun nan yana da yawa, wani ma har yau ban iya sa shi a takarda ba. Bature an mai da shi wajen Bakura awon hanyoyin ruwa, muka yi sallama a bakin motarsa, ban sake ganinsa ba. Sunan mawaƙin ya faɗa mini ya fi sau uku, harshena bai riƙe ba. Ban sani ba ko yana raye. Nakan yi tunanin ko ya taɓa sanin inda muryarsa ta kai.

Jakai shida na samo. Muka naɗe littattafai a gafaka, muka sa a buhuna, muka rufe da tabarmi don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Malam da kansa ya ɗaura na kakansa a kan jakin da ya fi natsuwa. Maƙwabta suka fito suna kallo. Kafin mu kai bakin gari na ji ana sauke jinkar wani ɗaki a bayanmu.